Motar da ta kashe fasinjana tana da rigar kariya

Assalamu alaikum. Ni mutumin ƙasar Zazzau ne, amma ƙuruciyata duk a titunan Abuja ta ƙare. Na shigo garin nan tun ana yin acaɓa a tsakiyar birni. Da aka hana acaɓa a 2006 sai na koma tasha, na koyi mota, har wani Alhaji ya yarda da ni ya ba ni tasi ina kai masa balas kowace yamma. Iyalina suna Mararaba, ni kuma kullum ina tsakanin AYA da Wuse da Maitama da Berger. Yau ba na tuƙi. Ƙafata ta dama ba ta iya danna burki yadda ya kamata, kuma ba zan ɗauki ran mutane in sa a kan ƙafar da ban amince da ita ba.

Duk wanda ya yi tasi a Abuja ya san akwai motocin da ba a ja da su. Tun ranar da ka fara fita lodi manya za su ja maka kunne: in ka ga kwambar mai jiniya ka kauce, in ka ga lambar da ke ɗauke da CD ko CMD, wato lambar motocin ofisoshin jakadanci, ka ba ta wuri, domin in ta goge ka kai ne da asara, in kai ka goge ta kuma ka shiga uku. Haka muka taso muka tarar, haka muka riƙa gaya wa na bayanmu. Idona ya ga motocin nan suna bin hannun da ba nasu ba da rana tsaka, suna hawa kan hanyar masu tafiya a ƙasa su yi fakin a ƙofar gidan abinci, suna ƙetare danja tana ja. Jami'in da zai tsare ni a kan fitila ɗaya da ta tsage, shi ne zai ɗaga musu hannu su wuce. Ba duka ne haka ba, kada in ɗauki alhaki. Akwai motar jakada mai tuta da za ka ga tana tafiya cikin natsuwa fiye da ta kowa. Kuma da yawa daga cikin masu gangancin 'yan'uwanmu ne direbobi 'yan ƙasa, waɗanda suka ga lambar da ke bayansu sai kansu ya kumbura. Amma wanda ya buge ni ba direban haya ba ne. Baƙo ne, ma'aikacin wani ofishin jakadanci, shi da kansa yake riƙe da sitiyari.

Daren Asabar ne cikin damina, ruwa ya ɗauke ba da jimawa ba, kwalta tana sheƙi. Ina da wani yaro da nake ɗauka kusan kullum in zan tashi aiki, yana wanke-wanke a kicin ɗin wani gidan abinci, ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Katsina. Hanyarmu ɗaya, don haka rabin kuɗi nake karɓa a hannunsa, wani lokaci ma in ce ya bari. Kawu yake ce mini. A daren ya shigo gaba, ya ɗora wata baƙar leda a cinyarsa, ragowar shinkafa ce da aka ba su, zai kai wa abokan kwanansa. Yana ba ni labarin cewa ya kusa haɗa kuɗin buhun takin da ya yi wa babansa alkawari.

Mun iso wata mahaɗa, danja ta ba mu hannu, na shiga. Ban ji ƙarar burki ba, domin ba a taka shi ba. Haske kawai na gani ya cika gilashin ɓangaren yaron, sai ƙara. Jif ce babba, ta shigo ta ƙofarsa, ta tura mu har kan dakalin tsakiyar titi. Ban suma ba. Ina jin ƙafata a matse ƙarƙashin ƙarfe, ina kiran sunansa yana amsawa da numfashi kawai. Masu gadin gidajen kusa da wani mai shayi su ne suka fara isowa, suka sa rodi suka ɓalle ƙofa.

Na ga mutumin. Ya fito daga motarsa da waya a kunne, hannunsa yana rawa, ya tako kamar zai zo wurinmu. Da ya ga jama'a sun fara taruwa sai ya koma ciki ya kulle. Ba a daɗe ba wata mota mai irin lambarsa ta zo, wasu mutum biyu suka fito suka sa shi a tsakiya suka tafi da shi. Ganina da shi ke nan, na farko kuma na ƙarshe. Yaron ya cika kafin asuba. Mutanen garinsu suka yi masa sutura, aka kai shi maƙabartar Gudu ina kwance ban ma sani ba.

'Yan sanda sun zo sun auna titi, sun ɗauki bayanin masu gadi, kuma duk bakinsu ɗaya cewa jif ce ta ƙetare danja. Tasina janwe ya ja ta zuwa caji ofis, can ta zauna rana da ruwa suna dukanta. Jif kuwa mutanenta suka ɗauke abarsu a daren. Jami'in da aka ba binciken mutumin kirki ne, ya zo har gadon asibiti. Ya ce mini: "Malam, gaskiyarka a fili take, na rubuta ta yadda take. Amma mutumin nan ba ni da ikon kiransa, balle in tsare shi. Ko numfashinsa ba mu gwada ba mu ji ko ya sha wani abu. Takarda za mu tura sama, mu jira." Ya yi shiru, sannan ya ce faɗan da ya fi ƙarfinka sai ka mai da shi wasa. Na san lallashina yake yi, amma maganar ta tsaya mini a wuya, domin rai aka rasa.

Mahaifin yaron ya iso bayan an binne. Dattijo ne siriri, manomi, da hula zanna da ta sha wanki da carbi a hannu. Bai taɓa zuwa Abuja ba sai a wannan tafiyar. Ya tsaya a gefen gadona ya daɗe yana kallon ƙafata da aka rataye, sannan ya ce: "Ɗana, an gaya mini ba laifinka ba ne. An ce kana kyautata masa. Allah ya saka maka, Allah ya ba ka lafiya." Na kasa magana, hawaye kawai. Sai ya ce: "To shi wanda ya yi, yana ina? Ba zai zo ba?"

Wanda bai san al'adarmu ta direbobi ba zai ɗauka kuɗi dattijon yake nema. A wurinmu, in tsautsayi ya sa ka kaɗe mutum ya mutu, ba ka gudu ka ɓuya. Shugabannin tasha za su sa ka a gaba, da limami, da wani babba daga danginka, ku je gidan mamacin ku zauna a kan tabarma. Ka sunkuyar da kai, a yi ta'aziyya, a faɗi yadda abin ya faru. Na taɓa raka wani abokin aikina irin wannan zama, na ga yadda uba ya kalli wanda ya kashe masa 'ya ya ce ya yafe duniya da lahira, ya ƙi karɓar ko sisi. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ce wanda ya yi kisan kuskure ya miƙa diyya ga iyalan mamaci, sai fa in sun yafe a matsayin sadaka. Ke nan yafiyar ma haƙƙinsu ce, su ke da ita, su ke bayarwa. Dattijon nan ya taso daga ƙauyensu ne da wannan haƙƙin a hannunsa, bai samu wanda zai miƙa wa ba.

Aikin da aka fara yi mini bai zauna ba, sai da aka mai da ni Asibitin Ƙashi na Dala a Kano aka sa ƙarfe. Matata ta sayar da kekenta na ɗinki da 'yan kayan ɗakinta. Alhaji mai mota ya yi haƙuri iya haƙuri, amma shi ma motar ce abincinsa. Babban ɗana ya bar makaranta wannan shekarar ya shiga turin baro a kasuwa.

Da na fara takawa da sanduna, dattijon ya dawo, muka tafi ofishin jakadancin tare da wani ɗan yayata da ya karanta lauya. Ba a shiga. Akwai wata taga mai kaurin gilashi, kana magana ta wata 'yar na'ura, wanda ke ciki yana jin ka amma kai da ƙyar kake jin sa. Masu gadin 'yan'uwanmu ne, ɗaya ma Bahaushe, shi ya kawo wa dattijon kujerar roba ya ce "Baba, zauna." Muka jira har aka yi azahar, muka yi salla a gefen katanga. Can wani ma'aikaci ɗan ƙasa ya fito da fara'a, ya ce ofishinsu yana baƙin ciki ƙwarai da abin da ya faru, amma jami'in da muke magana a kai ya kammala aikinsa a Najeriya ya koma gida. Ɗan yayata ya tambaye shi yaushe. Ya ce ba shi da izinin faɗa. Daga baya mai gadin ya raɗa mana cewa ko mako bai yi ba bayan haɗarin.

Bayan wani lokaci lauyansu ya kira mu. Ya ajiye ambulan biyu a kan tebur, kowacce da takarda. Ɗan yayata ya karanta mana: taimako ne na jinƙai, ba amsa laifi ba ne, kuma wanda ya sa hannu ya yarda ba zai sake neman komai ba. Ni na sa hannu, domin bashin asibiti ya kai mini wuya kuma yarana suna jin yunwa. Kuɗin bai kai rabin abin da aka kashe a ƙafar ba. Dattijon ya saurari fassarar har ƙarshe, ya tura ambulan ɗin gaba da yatsa ɗaya. Ya ce: "Ku gaya masa ni ban zo bara ba. In diyya ce, a kira ta diyya, in karɓa ko in yafe. In kuma ya ce bai yi komai ba, kuɗin me zai ba ni?" Lauyan ya rasa abin cewa. Mutumin da ko takin gonarsa bai iya saya ba a shekarar, haka ya tashi ya bar kuɗin a kan tebur.

A hanyar dawowa na tambayi ɗan yayata wace irin doka ce wannan. Ya ce: "Kawu, dokar tana da dalili, bari in gaya maka yadda take." A 1961 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a birnin Vienna kan huldar jakadanci, Najeriya kuma tana da tata dokar ta 1962 a kan haka. Sashe na 29 ya hana kama jami'in diflomasiyya ko tsare shi. Sashe na 31 ya hana gurfanar da shi a kotun ƙasar da yake aiki kan laifi kowane iri. Motocin ofishin ma ba a bincikensu, ba a ƙwace su. An yi haka ne don kada wata gwamnati ta ƙulla wa jakadan wata ƙasa sharri in dangantaka ta yi tsami, kuma wannan rigar kariyar ce take kare namu mutanen da ke aiki a ƙasashen waje. Na fahimci wannan sarai. Mu ma a addininmu ba a taɓa ɗan aike. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bar 'yan aiken Musailama sun koma lafiya duk da abin da suka faɗa a gabansa, saboda ba a kashe 'yan aike. Amma ɗan aike saƙo yake kawowa. Gudu a kan jiƙaƙƙen titi da tsakar dare ba ya cikin saƙon kowace ƙasa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sauran bayanin da ya yi. Sashe na 41 na wannan yarjejeniyar ya wajabta musu bin dokokin ƙasar da suke ciki, danja kuwa doka ce. Sashe na 32 ya ce ƙasar da ta turo mutum tana iya cire masa rigar, domin rigar ta ƙasa ce, ba tasa ba. Kuma rigar ba ta hana a yi masa shari'a a can garinsu. Direba ɗan ƙasa da ke jan motar ofishin jakadanci kuwa ba shi da wata kariya sai wadda gwamnatinmu ta ga damar ba shi, lambar mota ba ta mai da shi jakada. Da yawa daga cikin masu tsaron titi ba su san wannan ba, da sun hango CD sai su ja da baya.

Tun daga lokacin kunnena yake kan irin waɗannan labarai a rediyo. A 1997 wani babban jami'in ofishin jakadancin Jojiya a Washington, Gueorgui Makharadze, ya sha giya ya yi gudu ya kashe yarinya 'yar shekara 16. Shugaban ƙasarsu na lokacin, Eduard Shevardnadze, ya cire masa rigar, kotun Amurka ta ɗaure shi shekara 7 zuwa 21. Ashe ana iyawa. A watan Agustan 2019 kuma wata Ba'amurkiya, Anne Sacoolas, ta bi hannun da ba nata ba kusa da sansanin soja na Croughton a Ingila, ta kaɗe wani saurayi mai babur, Harry Dunn, ɗan shekara 19. Aka ce tana da kariya, ta bar ƙasar. Birtaniya ta nemi a dawo da ita, Amurka ta ƙi. Iyayen yaron ba su zauna ba, sun je har fadar White House, sun yi ta magana a gidajen talabijin, sai a ƙarshen 2022 ta amsa laifin tuƙin sakaci ta hoton bidiyo daga Amurka, aka yanke mata ɗaurin wata 8 na jeka-ka-gyara-halinka. Mutanen nan suna da 'yan jarida da lauyoyi da 'yan majalisa a bayansu, amma sai da suka shekara uku suna fama. To ina ga manomin da bai san ko sunan wanda ya kashe ɗansa ba?

Akwai wanda ya faru kusa da mu. A watan Afrilun 2016, ayarin jakadiyar Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya, Samantha Power, yana kan hanyar zuwa wurin waɗanda Boko Haram ta raba da gidajensu a arewacin Kamaru, ɗaya daga cikin motocin ta kaɗe yaro ɗan shekara 7 kusa da Mokolo, ya mutu. A ranar ta koma ƙauyen ta zauna da iyayensa ta yi musu ta'aziyya. Daga baya aka kai musu sefa miliyan 1 da shanu biyu da kayan abinci. Mutane da yawa sun ce kuɗin ya yi kaɗan, ni ma haka na gani, ran yaro ya wuce wannan. Amma ta je. Ta tsaya a gaban uwar yaron. Da na ji labarin sai na tuna dattijonmu a kan kujerar roba a bakin katanga.

Ba na cewa baƙi ne kaɗai ke fakewa da wannan riga. Hukumar sufurin Landan ta fitar da jerin ofisoshin jakadancin da suka ƙi biyan kuɗin shiga tsakiyar birni da mota, wanda aka fara karɓa tun 2003. Amurka ce a sama, amma ofishin Najeriya ma yana cikin na gaba-gaba, da bashin da ya haura fam miliyan 8. Wannan maganar kuɗi ce, ba ta jini ba, amma tushen ɗaya ne: mutum ya san ba mai iya tambayarsa. Kuma an ga abin da ke faruwa in aka fara tambaya. A New York jami'an ƙasashe sun tara takardun tarar fakin fiye da 150,000 ba su biya ba tsakanin 1997 da 2002. Da hukumomi suka fara cire lambar motar duk wanda bashinsa ya taru, sai abin ya kusan ɓacewa gaba ɗaya. Ba a kama kowa ba, ba a taɓa rigar kowa ba, lamba kawai aka karɓe.

Ni ba mai ilimi ba ne, amma abin da nake roƙo a fili yake. Ɗan yayata ya ce a Amurka tun 1978 doka ta tilasta wa jami'an diflomasiyya yin inshorar mota, ta kuma ba wanda aka buge damar kai kamfanin inshorar kotu kai tsaye, ba sai ya bi ta kan mai rigar ba. Me zai hana a yi mana haka, da inshora mai nauyi da za ta iya ɗaukar jinyar mutum da diyyar rai? Ni da nake jan tsohuwar tasi sai da na nuna takardar inshora a kowane shinge. A riƙa rubuta laifin kowace mota mai CD, in ya yi yawa a karɓe lambar. A koya wa jami'an titi bambancin jakada da direban jakada. In kuma an rasa rai, gwamnatinmu ta nemi a cire rigar a rubuce, ko da za a ƙi, domin a san an nema. In an ƙi, a bi sawu a ga ko an yi masa shari'a a garinsu, a zo a gaya wa iyalan mamaci abin da aka yanke. Ga jakadun da ke zaune a ƙasarmu kuma, in yaronku ya yi ɓarna irin wannan, ku tashi babba guda ya je gidan mutane ya zauna a tabarma. Ba wanda zai taɓa shi. Mu mun san darajar wanda ya zo ba da haƙuri.

Yanzu ina tsaron wani ɗan shagon kayan gyaran mota a Mararaba, na wani tsohon abokin tasha. Ɗana ya koma makaranta. Duk shekara bayan girbi dattijon yakan aiko mini da ɗan gero da wake ta hannun direbobin garinsu, ni kuma in aika masa da abin da ya sawwaƙa. Ƙarfinsa ya ragu, idonsa ɗaya ya tafi, amma in mun yi waya tambayarsa ba ta canzawa: an samu labarin mutumin?

Da yake shi bai sa hannu a takardar ba, maganarsa tana nan a buɗe. Ɗan yayata ya samo kwafin rahoton 'yan sanda da bayanin masu gadin da suka ga haɗarin, ya rubuta wa hukumomin ƙasar mutumin yana neman su bincike shi a can, kamar yadda yarjejeniyar ta ba da dama. Na ba da shaidata a rubuce, na yi rantsuwa a kanta a gaban kotu, da lambar motar kamar yadda mai shayin ya rubuta ta a bayan kwalin madara a daren. Biyu daga cikin masu gadin suna raye, kuma sun ce duk ranar da aka kira su za su zo. Ni ma zan je.